Ranar da Aka Ba Delu Rijiya

A Garin Dikko, wani ƙauye da ke arewa da gulbi a ƙasar Gidan Rumji, Delu uku ne a wancan zamani. Akwai Delu mai fura, akwai Delun Jibrilla maƙeri, sai kuma wadda ba a haɗa sunanta da komai, sai dai mai magana ya ɗaga hannu ya dunƙule yatsunsa. Wannan ta ukun ita ce tamu.

Shekarar fara aka haife ta, shi ya sa uwarta take cewa ta zo duniya da yunwa a baki. Ta tashi baƙa, doguwa, mai ƙarfin hannu. A wajen daka ba a haɗa turmi da ita sai an shirya. Ta yi aure a garin, ta haifi ɗiya ɗaya, ƙyanda ta ɗauke ta. Bayan nan ne wani tabo ya fito mata a baya, fari-fari, wanda ko an soka masa ƙaya ba ta ji. Mijin bai yi faɗa ba. Ya sa aka kwashe kayanta aka kai gidan wanta Mudi, tabarmar da take zama a kai kuma ya fitar da ita bayan gida ya sa mata wuta.

Mudi ne ya ɗora ta a jaki ya kai ta asibitin kutare na ƴan mishan, can kudu da Maradi. Ta yi shekaru a wurin. Ciwon ya mutu, amma bai tafi shi kaɗai ba. A hannun hagu bai bar mata ko yatsa ɗaya ba, a na dama ya bar babban yatsa da guntun manuni. Tafukan kuma suka daina ji. Takan ɗauki tukunya daga murhu, sai ƙaurin fata ya gaya mata ta ƙone. A can ta karɓi baftisma. In an tambaye ta wane wa'azi ne ya kama ta, sai ta ce ita wa'azi barci yake sa ta. Wata ma'aikaciya ce, ƴar Arewa, take wanke mata dungu kowace safiya tana ba ta labarin kishin garinsu, ba ta taɓa kau da kai ba.

Da ta dawo, Mudi ya yi mata bukka bayan dangarsa. Yanzu laifinta ya zama biyu, kuturwa kuma ƴar mishan. Ba mai sayen abinci daga hannunta, don haka ta kama kiwon jajayen awakin matan gari, ana ba ta hatsi in kaka ta yi. Abinci dai ba ta rasa ba. Ruwa shi ne magana.

Rijiyar Garin Dikko mai zurfi ce, in ka leƙa sai ka ga ruwan kamar ƙwayar ido. Kowace mace da gugan gidanta da igiyarta. Amma akwai wata al'ada da aka gada. Wanda ba ya iya ja, makaho ko tsohuwa ko mai sabon jego, ba ya roƙo da baki. Sai ya kai tulunsa bayan kwamin da dabbobi suke sha, ya ajiye, ya koma gindin aduwa ya zauna. Duk macen da ta cika nata, sai ta ja guga ɗaya na ƙari ta juye a wancan tulu. Gugan Allah ake ce masa. Ba a godiya, ba a kuma faɗin wadda ta zuba.

Haka Delu take shan ruwa. Sai dai nata zaman ya bambanta da na makafi. Tulunta ne na ƙarshe kullum. Ana zuba mata daga sama, kada bakin guga ya taɓa bakin tulu, rabin ruwan ya tafi ƙasa. Wata rana takan kai har rana ta take a gindin aduwa, awaki suna kuka a turke. Kuma akwai baki. Wadda ta fi kowa baki ita ce Indo, taubashiyarta, ɗiyar kawunta, wadda kuma ita ce ba ta taɓa wuce tulun ba tare da ta zuba ba.

"Ke mai hannun taɓarya, matsa can, iska na kawo mini ke!"

"Iskar ma ta san inda ƙazama take," in ji Delu.

"Ji ta! Yesun naki bai iya maido miki yatsu ba, ko ɗaya na ƙaiƙayi?"

"Shina ajiye da su. Ke naki goma mi suka tsinana, ban da satar gishirin kishiya?"

Mata su kwashe da dariya, Indo ta juye guga ta wuce. Wani lokaci maganar takan wuce wasa, Delu ta koma bukka ta kwanta da ita. Amma tana komawa da ruwa.

Majami'arsu tana ƙetaren gulbi, a wani tudu inda gidajen masu bi ƴan kaɗan suka taru. Da rani gulbin yashi ne, ana takawa. Mai bisharar wurin shi ne Malam Nomau, tsohon ɗan kokawa mai faɗin ƙirji, wanda in ya ce amin har kaji suke firgita. Mutumin kirki ne, kada a ce ba a faɗa ba. Shi ya tare dogarai ranar da suka zo kwashe irin shukar wata gwauruwa, ya tsaya a bakin rumbu har suka juya. Shi ya ɗauko wani baƙo da ya faɗi a kasuwa ya yi jinyarsa a zaurensa, bai tambayi addininsa ba. Kowace Lahadi yakan miƙa wa Delu hannu a gaban jama'a, ya riƙe dungunta sosai.

Shekarar da aka sauke tutar Nasara aka ɗaga ta ƙasa, magana ta cika ko'ina. A kasuwar Gidan Rumji ana cewa yanzu ba bawa ba ɗa, kumandan mai mulkin yankin ma baƙin mutum ne. Malam Nomau ya ɗauki zancen nan da gaske fiye da masu yin sa. Ranin da ya biyo, wata rana ya ƙetaro ya duba Delu da ya ji ba ta da lafiya, bai same ta a bukka ba. A gindin aduwa ya iske ta, zazzaɓi yana kaɗa ta, rana ta kusa tsaka, tulunta ko rabi bai kai ba. Yana tsaye wata mata ta watsa ruwa daga nesa kamar mai ba kare, ta tofar da yawu, ta wuce.

"Tun yaushe kike nan, ƴar'uwa?"

"Ban jima ba, Malam."

"Kullum haka a kai miki?"

"Ai suna zubawa."

Jijiyar wuyansa ta tashi kamar zai shiga filin kokawa.

Ran Lahadi bayan sujada ya tsayar da mutane. Ya ce Ubangijin da ya halicci ruwa bai rubuta sunan kowa a kansa ba. Ya ce in ikilisiya ta ga ana wulaƙanta ɗaya daga cikinta ta yi shiru, to waƙoƙinta ƙarar gwangwani ne. Mutane suka ce amin. Aka yanke shawara za a tafi gaba ɗaya wurin Magaji, mai gari, maza da mata, a nema wa Delu haƙƙinta na jan ruwa da gugan kanta kamar kowace ƴar gari. Nan take aka yi baiko, kowa ya ba da abin da ya samu, aka aika aka sayo sabon guga na fatar akuya da igiyar rama doguwa.

Delu tana zaune a ƙarshen benci, hannayenta cikin mayafi. Ba a taɓa yin taro dominta ba. Wani abu mai daɗi ya cika mata ƙirji. A ƙarƙashinsa kuma akwai wata ƴar magana da take son ta faɗa. Da aka watse ta bi Binta, matar Malam.

"Yaya Binta, igiyar nan..."

"Kin gan ta ko? Malam da kanshi ya zaɓa. Ko ta Magaji ba ta kai ta ba."

"Ta yi kyau," in ji Delu.

A ƙasar nan, in kana da magana da mai gari, da asuba kake zuwa, kai da wani dattijo, ku yi ta a soro, kowa ya fita da girmansa. Malam Nomau ya san haka. Amma ya ce abin da aka yi a fili, a fili za a warware shi. Suka zo ran Juma'a da hantsi, ana cike a ƙofar fada, suna waƙa, Delu a tsakiyarsu. Matan gari suka fito suka jeru a jikin danga.

Magaji, mai garin, tsoho ne mai ƙananan idanu wanda ya ga kumandan da yawa sun zo sun tafi. Ya bar Malam ya yi magana har ya gaji. Malam kuwa bai rage komai ba. Ya faɗi zaman aduwa, ya faɗi tofar da yawu. Ya juya ya nuna matan da hannu.

"Waɗanga da kuke gani, ranka shi daɗe, jakinsu shina sha kafin ƴar'uwarsu. In wanga ba zalunci ba ne, a gaya mini sunanshi!"

Wani gunaguni ya bi jikin danga. Delu ta ɗaga ido ta hango Indo, ta ga ta ja mayafi ta rufe baki.

Magaji ya yi ta shafa gemu. Ya san in ya ƙi, maganar za ta kai buro, ofishin kumandan, kuma bai san wace irin iska take kaɗawa a buro yanzu ba. Ya dubi Delu.

"Ke ɗiyar Hamma. Abin da kike so ke nan? Ki ja da kanki?"

Maza sun zuba mata ido. A bayanta ƴan'uwanta ne na majami'a, waɗanda suka bar aikinsu suka tako yashi dominta. Binta tana riƙe da sabon gugan a ƙirji kamar jariri.

"Abin da Malam ya ce," in ji Delu.

"To, jama'a kun ji. Rijiya ta Allah ce. Daga yau Delu ta ja ruwa awa kowa. Wanda ya hana ta, ni da shi."

Masu bi suka ɗauki waƙa. Malam Nomau ya share hawaye da bakin riga. Suka raka ta har bukka, suka yi addu'a, suka ƙetare gulbi suka koma.

Washegari ta ɗauki tulu da guga ta tafi rijiya. Mata suka buɗe mata hanya, suka buɗe fiye da yadda ake bukata.

"Bismilla, ƴar mulkin kai," in ji Indo. "Ku matsa mata, azzalumai."

Sakin guga ba wuya. Ta ji ya taɓa ruwa, ya cika, ya yi nauyi. Ta matse igiyar tsakanin tafukanta biyu ta ja. Ta taho kaɗan, ta zame. Ta naɗa ta a wuyan hannu, ta taka da ƙafa, ta sake ja. Sabuwar igiyar rama kaifi gare ta, tana zamewa tana ci, ita kuwa ba ta jin komai. Ta ga dai gugan yana tahowa, har ta fara jin sanyin ruwan a fuska. Sai wata ta ƙwalla ƙara.

"Jini! Wayyo, jini a igiya!"

Delu ta duba. Igiyar ta yi ja tun daga hannunta har inda ta shige duhu, tana ɗiga. Ta buɗe tafukan don ta ga abin da ya same su, igiyar ta kuɓuce, ta bi gugan, ƙarshenta ya yi bulala a itacen bakin rijiya ya ɓace.

Ranar ba wanda ya sha ruwan rijiya. Magaji ya sa aka yi gayya aka yashe ta, maza suka wuni suna kwarfa suna zubarwa, a lokacin da kowa yake sharar gona. Mudi ne aka zura ciki ya fito da gugan. Ya kawo ya jefa a ƙofar bukkarta.

"Ga dukiyarki. Da kin tambaye ni."

Bayan nan ba wanda ya hana ta rijiya. Hukuncin Magaji yana nan daram. Da hannayen suka ɗan warke, ta ɗauki tulu ta kai bayan kwami, ta koma gindin aduwa kamar da. Mata suka cika nasu suka wuce ta gefensa. Ta zauna har la'asar. Da Indo ta zo wucewa, Delu ta kira ta da sunan da take kiran ta tun suna ƴan mata.

"Ƴar kawu."

"Wa? Ni? A'a, ni azzaluma ce. A gaban mijina aka faɗa, a gaban surukaina. Kina tsaye."

"Ba ni na faɗa ba."

"An tambaye ki."

Malam Nomau da ya ji labari, a guje ya zo. Ya ga hannayen, ya zauna a ƙasa ya dafe kai. Ya koma wurin Magaji, wannan karon da asuba, shi kaɗai, ya roƙa a sa matan gari su ci gaba da zubawa. Magaji ya ce shi ya iya hana mutum ya hana, amma bai san yadda ake tilasta wa mace ta yi kyauta ba. Malam ya ɗauki guga ya tafi rijiyar da kansa. Mata suka janye gugunansu suka tsaya suna kallonsa, wata ta tambaye shi ko a aro masa zane. Ya cika tulun Delu. Daga nan matan majami'a suka raba kwanaki, kowace rana ɗaya ta tako yashi ta ja wa Delu ruwa. Sun yi, Allah ya sani sun yi, har da mai ciki a cikinsu. Aka kuma ce bayan kaka za a yi mata ɗaki a tudu, ta koma cikinsu.

Sai ruwan sama ya sauka, gulbi ya kawo. Ya cika daga gaɓa zuwa gaɓa, ja wur, yana tafe da itatuwa. Ba mai ƙetarewa.

Matar Mudi takan ba Delu moɗa ɗaya in mijin yana gida. Sauran kuwa sai tabkin bayan gari, inda take kai awaki, inda shanu suke shiga har gwiwa. Takan tace da bakin zane ta sha. Cikinta ya ɓaci, ta rame har zanen yana zagaya ta sau biyu.

A wurin kiwo ta taɓa ganin yadda makiyaya suke yi a rijiyoyin daji. Sukan ɗaura igiya a jikin takarkari, ya yi gaba, guga ya taho. Wata rana da azahar, da ta ga kowa yana gona, ta ɗauki gugan ta tafi. Ta zura shi, ta ɗora igiyar a kan itacen bakin rijiya, ta naɗa ƙarshenta a ƙugu ta ƙulla da haƙori. Ta juya baya ta fara tafiya. Igiyar ta miƙe, ta shiga cikin naman ƙugunta, nan kam tana ji. Ta sunkuya ta ci gaba, ƙafafunta suna nutsewa a laka. Ta wuce kwami, ta wuce aduwa. Sai ta ji igiyar ta tsaya cak.

Ta waiga. Ga gugan can a bakin rijiya, cike, ya maƙale a ƙarƙashin itace, ruwa yana sheƙi a bakinsa. A wurin makiyaya akwai mutum na biyu da yake tsayawa ya karɓa. In ta koma, gugan zai koma. In ta ƙara ja, zai tuntsure. Ta tsaya a nan, a sunkuye, rana tana dukan ƙeyarta.

Indo ce ta ɓullo, tulu a ka, ta dawo daga kai abinci gona. Ta tsaya ta dubi gugan, ta bi igiyar da ido har inda Delu take.

"Indo, don Allah. Hannu kawai za ki sa."

Indo ta sauke tulunta. Ta zura nata gugan a ɗaya gefen, ta ja, ta juye, ta sake zurawa. Ba ta gaggawa.

"Don darajar kawu, Indo. Don nonon da muka sha gida ɗaya."

Indo ta cika tulu, ta naɗe igiyarta, ta gyara gammo.

"Magaji ya ce wanda ya sa miki hannu a jan ruwa, shi da shi."

"Hanawa ya ce!"

"To, ni jahila ce. Ki tambayi Malam."

Ta ɗauka ta tafi. Delu ta bi ta da ido har ta shige tsakanin dangogi. Sannan igiyar ta rinjaye ta, ta ja ta baya, ta faɗi zaune a laka, ta ji ƙarar gugan can ƙasa.

Kaka ta yi, gulbi ya janye, matan majami'a suka dawo da zuwa. Ɗakin tudu ne bai samu ba, don hatsi bai yi kyau ba a shekarar, aka ɗaga sai baɗi. Kafin baɗin, da farkon damina, kurkunu ya fito mata a ƙafafu duka biyu. Ƙafar da ba ta ji ba ta san ta ruɓe ba sai da wari ya faɗa. Gulbi kuma ya sake kawowa. Ta yi kwanaki a kwance, matar Mudi tana tura mata kunu da sanda daga bakin ƙofa. Wata safiya aka tura, ba a ja ba.

Malam Nomau ya ƙetaro a kan goran fito, ruwa ya kusa tafiya da shi, Binta tana biye a kan wani. Mudi ya nuna musu wani wuri bayan gonarsa, nesa da maƙabarta. Malam ya karɓi fartanya ya tafi haƙa kabari shi kaɗai.

A Garin Dikko, in an yi mutuwa a gida, kowane gida yakan aiko da tulun ruwa, don wankan gawa da masu zaman makoki. Wannan ba a duba wane ne ya mutu. Da Malam ya dawo, laka har ƙirji, ya iske tuluna jere a jikin dangar Mudi, tun daga ƙofa har kusurwa, cike, an rufe bakinsu da faifai. Mata suna ta zuwa suna ajiyewa. Indo ta sauke nata, idanunta sun kumbura, ta durƙusa ta gaishe shi.

"Malam, ina gajiya? Ya haƙuri? In bai isa ba a yi magana, a ƙaro."

Ya bi tulunan da ido. Binta ta leƙo daga bukka ta ce a miƙo mata ɗaya, guda ma ya isa wankan, Delu ba ta da jiki.